Ƙaguwar da Mama Poko Ta Hana Kowa

Duk ɗan da ya tashi a Atiu ya san ƙarar babur ɗin Mama Poko tun kafin ya san sunan kakansa. Salansar ta faɗi a hanyar gona shekaru da yawa da suka wuce, ita kuwa ta ce faɗuwar ta yi mata daidai. Abin haushin, autarta Tereapii, wadda muke kira Tere, ita ce bakaniken tsibirin nan kaf. Babur ne, injin kwalekwale ne, injin yankan ciyawa ne, duk hannunta suke biyowa. Amma babur ɗin uwarta ya gagare ta.

"Mama, don Allah ki bar ni in ɗaura miki wata salansar. Kina zubar mini da mutunci a gari. Wa zai kawo mini gyara yana jin wannan masifa?"

"Taɓa shi ki gani. In suka jiyo ni daga nesa, mai datti ya share ƙofarsa, mai zunubi ya tura zunubinsa ƙarƙashin gado, kafin in iso kowa ya zama mutumin kirki. Ke kin san wa'azin da ya fi wannan sauri?"

Upokoina ke nan, wadda muke kira Mama Poko. Gajeriya ce, faffaɗa, da farar hularta ta saƙar ganyen kwakwa wadda ko iskar teku ba ta isa ta cire ba. Mijinta ya rasu Tere tana rarrafe. Ta yi kukanta, ta share ido, ta ɗaure zani ta shiga fadamar gwaza har gwiwa, da wannan gwazar ta raini yaranta. Ta raini nata, ta raini na wasu, in ka tambaye ta su nawa ne sai ta ce ka shiga kicin ka ƙirga kwanuka. Ita ce shugabar zumuntar mata a coci. Ita ce ungozoma in nas ta yi tafiya. Ranar duba-gari kuwa, kai! Ita ke gaba, matan kwamiti na biye, tana leƙa bayan tukunya, tana ɗaga katifa, tana shinshina tawul. Ta taɓa ba gidan Fasto maki mafi ƙasa a ƙauyen saboda gwangwanin da ya tara ruwan sauro, ranar Lahadi kuma ta zauna a bencin gaba tana gyaɗa masa kai kamar ba ita ba.

A waƙar yabo ita ke ɗaga murya ta farko, wadda ke fasa rufi. Mutum ɗaya ce ke iya tarar ta a can sama, Mama Nooroa, ƙawarta kuma abokiyar faɗanta tun suna makarantar Lahadi. In su biyun suka kama waƙa, ba ka sanin yabon Ubangiji suke yi ko kokawa.

Amma abin da ya kai sunan Mama Poko har Rarotonga, babban tsibirin ƙasarmu, shi ne almakashi. Ita ke yanka tibaibai, mayafin nan namu da ake ninke yadi gida huɗu a yanke furanni, a buɗe, a shimfiɗa a kan wani yadin, mata su zagaye shi da allura wata da watanni. Da shi ake aurar da 'ya, da shi ake sallamar baƙo mai daraja, kuma mace ba ta shiga ƙasa sai a cikin nata. Wadda aka binne ba tibaibai, to 'ya'yanta sun gama jin kunya har jikoki.

Wata rana Mama Poko ta shimfiɗa yadi ruwan shuni a gaban matan zumunta ta ce, "Wannan nawa ne na tafiya. Wadda ta san hannunta na rawa ta koma gida." Ai kuwa mata suka zage. Wa zai yarda a ce ɗinkinsa ne ya karkace a mayafin mai almakashi? Aka yi ɗinki ƙanana kamar ƙwayar gero. Da aka gama ta ninke ta kai akwati. Ba a jima ba ta dawo da yadi rawaya.

"Shunin nan yana tsufar da ni. Ku sake."

Bayan rawaya ta ce ta yi ƙiba, ya yi mata kaɗan, a yi kore. Bayan kore ta ce ta yi mafarki da ruwan hoda. Mama Nooroa ta ce, "Poko, sau nawa za ki mutu ne?" Ta ce, "Ke dai yi ɗinki, bakinki ya fi allurarki kaifi." Kowa a ƙauyen ya san akwatin kafur ɗin da ke ɗakinta cike yake da mayafan da babu irinsu a tsibirin.

Tere ita ma ta san akwai wani abu guda a can ƙasan akwatin, wanda ba ta son a tuna mata.

Tana 'yar budurwa uwarta ta sayo jan yadi, ta ce lokaci ya yi da 'yar mai almakashi za ta yanka na farko. Ta nuna mata ninki, ta zana mata furanni da alli, sai ga yaro da gudu, wai matar wane tana naƙuda. Mama Poko ta ce kada ta taɓa komai sai ta dawo. Tere kuwa ta so ta ba ta mamaki. Ta warware ninkin don ta ga yadda aka yi, ta sake ninkewa ta baibai, ta kafa almakashi. Da aka buɗe, ina furanni? Wani ƙaton ciki ne a tsakiya, ƙafafu sun miƙe ta ko'ina, ga manya biyu a gaba sun buɗe baki.

Mama Poko ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Abin da kika yanka shi za ki ɗinka. Ba a zubar da yadi a gidan nan."

Aka shimfiɗa shi a kan farin yadi, Tere ta fara ɗinki, kowane taku kamar na mai gudu. Ranar Talata matan zumunta suka zo. Mama Nooroa ta gyara zama, ta leƙa, ta ce, "Ikon Allah. Poko, wannan lulluɓa za a yi da shi ko dafawa za a yi da madarar kwakwa?"

Shi ke nan, suna ya bi shi: Ƙaguwa. Ya bi Tere ma. Yara suka riƙa tafiya a karkace in sun hango ta, suna buɗe yatsu. Tere ta kai rabi ta cukuikuye abin ta wurga bayan garken aladu, ta tafi garejin kawunta, ba ta ƙara riƙe allura ba. Uwar ta tsince shi, ta wanke, ta ajiye. Tun daga nan, shekara da shekaru, ko ana cin abinci ko a gaban baƙi, sai ka ji ta ce:

"Tere, kina da aiki a akwatina."

"A ƙona shi, Mama."

Tere ta ɗauka gori ne. Ta yi imani har cikin ranta cewa uwarta, wadda ke da hannun zinariya, ba ta taɓa yafe mata wannan baƙin hannu mai warin man inji ba. Tana son uwarta kamar me, amma wannan magana ta tsaya mata a wuya har ta yi furfura.

Ranar wata Alhamis da rana, ranar sharar coci, Mama Poko ta jera furanni, ta tare Fasto ta ce masa wa'azinsa na makon jiya ya yi tsawon da poke ɗinta, alalar nan tamu ta ayaba, ya ƙone a murhun ƙasa, sannan ta zauna a bencin mata ta ce wa 'yan matan, "Ku yi ta shara sai na ce ya isa." Ta jingina kai. 'Yan mata suka share coci. Ba ta ce ya isa ba, suka sake sharewa. Suka goge tagogi, suka wanke matakala, suka cire yanar da ko kakanninsu ba su san da ita ba. Sai da Fasto ya dawo ya taɓa kafaɗarta aka gane Ubangiji ya riga ya ce mata ya isa. Cocinmu bai taɓa yin tsabta irin ta ranar ba.

Washegari da safe gida ya cika. An kwantar da ita a falo, mata sun zagaye ta suna waƙa, maza na haƙa kabari a gaban gida kusa da na mijinta, ana jiran jirgin gobe ya kawo yayyen Tere daga Okland. Mama Nooroa ta share hanci ta ɗaga murya:

"Tere! Fito mana da na tafiyar. Duka za ki kwaso, mu zaɓa. Ni dai kore nake so, nan ne na zuba basirata."

Tere ta shiga ɗaki ta ɗaga murfin akwati. Ƙamshin kafur ya bugi hancinta. Ta leƙa. Ta sa hannu ta shafa kusurwa huɗu. Babu shuni, babu rawaya, babu kore, babu ruwan hoda. A can ƙasa, a ninke tsaf, ja da fari, Ƙaguwa ce kwance ita kaɗai.

Gobe za a binne mai almakashin Atiu, mutane za su zo daga kowane ƙauye su ga abin da aka lulluɓe ta da shi, ga shi babu komai a gidan sai abin kunyar Tere.

"Tere, kin faɗa ciki ne?"

"Ina zuwa, Mama Nooroa!"

Ta fita ta taga, mace mai jika. Nata babur ɗin a kwance yake, ta zare masa ciki tun Litinin. Babu sai na marigayiya a gindin mangwaro. Ta hau, ta buga.

Wayyo, jama'a! Ni da idona na ga abin da ya faru a ƙauyen nan. Ƙara na tashi, wata tsohuwa da ke zaune a ƙofa ta zabura ta wawuri tsintsiya. Yara suka ruga famfo suna wanke fuska. Wani ya haɗiye hayaƙin sigarinsa har ya ƙware. Sun san ta mutu fa, wasu ma daga gidan makokin suka dawo, amma jikinsu bai ji labari ba tukuna. Tere tana wucewa, gari na gyaruwa a gabanta.

Ta nufi bukkar bayan gari, inda maza ke zagaye kututturen kwakwa da aka rarake suna shan giyar lemun da ke ciki, don in kana neman sirrin tsibirin nan can ake zubar da shi. Ranar sun fara da wuri, wai baƙin ciki ne. Suna jin ƙarar ta karyo kwana suka watse cikin daji kamar kaji. Papa Tutai ne kawai gwiwa ta hana shi gudu. Ya durƙusa, ya rufe ido, ya ɗaga ƙoƙon sama.

"Poko, na tuba! Na ƙarshe ke nan, don ke ma nake sha!"

"Papa Tutai, ni ce."

Ya buɗe ido ɗaya. "Tere? Allah ya shirye ki! Kin kusa sa a haƙa biyu."

Ta zauna a kan kututture ta gaya masa abin da ta gani. Tsohon ya ajiye ƙoƙon a ƙasa a hankali.

"Na shunin kam na san inda yake. Yana Rarotonga, ƙarƙashin ƙasa, da matata. Kin tuna da aka kai ta asibiti ba ta dawo ba? Ba ta da ko guda, ciwo ya cinye mata hannu tun tana yarinya. Zan hau jirgi uwarki ta tare ni da buhun shinkafa, ta ce, 'Ka rufa mata asiri, ka kuma rufe bakinka, in ba haka ba in fasa kututturen nan naku.' Sai da na isa na buɗe." Ya goge ido da bayan hannu. "Ma'aikatan asibiti har hoto suka ɗauka. Sun ɗauka matar sarki ce."

"To rawayan fa?"

"Je ki gidan Mii. Ni ban ce komai ba."

Mii 'yar tsibirin Manihiki ce da aka auro mana, marainiya, ta zo da jaka ɗaya, dangin miji suka yi ta yi mata habaici wai amarya ba akwati. Tana jin babur ta fito da bokiti a hannu, ta ga Tere, ta saki bokitin ta fashe da kuka. Ba sai an tambaye ta ba. Ta ja ta ɗaki. Ga rawayan nan a kan gado, jaririnta na barci a tsakiyar furannin, ya tsotse kusurwa ɗaya har ta yi laushi.

"Ta ƙofar baya ta kawo mini. Ta ce in surukata ta sake magana in kira ta ɗaki in nuna mata, in ce uwata ce ta ba ni. Yaya Tere, ki ɗauka. Yanzu zan wanke, kafin yamma ya bushe."

Tere ta kalli mayafin, ranta ya biya, ba zan ɓoye ba. Amma tibaibai in ya fita hannu ya fita. Mayar da shi zagin mai bayarwa ne, balle a zare shi daga ƙarƙashin jariri.

"Bar shi ya yi barcinsa. Koren fa, kin sani?"

"Yana Okland, da yaron nan da ake wa wankin ƙoda. Ta ce sanyin can ba ya jin magana. Ruwan hodar kuma nas ɗin da ta koma Fiji."

A hanyar dawowa Tere ta kashe babur a bakin fadamar gwazar uwarta. Nan ne haushi ya taso mata, haushi na gaske, ta tsaya tana yi wa ganyaye faɗa.

"Kin kyauta, Mama! Kowa kin lulluɓe shi. Na Rarotonga, na Okland, har na Fiji. Ni da na zauna da ke, ni da nake dafa miki shayi, me kika bar mini? Dariyar gari! Ko a mutuwarki sai kin yi mini gorin nan?"

Ta yi kukanta mai isarta, ta fyace hanci da gefen riga, ta tura babur ɗin da hannu har gida don kada a ji ta.

Ta sake shiga ta taga, sai ta tarar da Mama Nooroa zaune daram a kan akwatin, ta harɗe hannu.

"Ke 'yar nan, gaba ɗayan tsibirin ya ji fitarki. Faɗa mini."

Tere ta faɗa mata, tun daga buhun shinkafa har Fiji. Tsohuwar ta cire tabarau ta kalle shi.

"Kin ga wannan gilashin? A kan koren nan na sa shi. Idona! Wuyana! Wata shida ina ɗinki kamar mai tsintar ƙwarƙwata, wai kada Poko ta je gaban Ubangiji ta kai ƙarata. Ashe ta san in ta ce na marainiya ne ko na matar mashayi, ɗinkin gaggawa za mu yi mata. Sai ta ce nata ne! Ta ci mu da wayo, 'yar banza, shekara da shekaru tana mutuwar ƙarya muna biye mata!"

Dariya ta kama ta, ta riƙe ciki, tana bubbuga akwatin da tafi, hawaye na zuba. Tere ma ba ta san lokacin da ta kama ba. A falo waƙa ta ɗan tsaya, aka ci gaba.

"To ya isa," in ji Mama Nooroa tana haki. "Nawa na nan a gida, shuɗi, ni na yanka ni na ɗinka. A lulluɓe ta da shi. Ta kwana ƙarƙashin ɗinkina har tashin matattu, ta san wa ya fi."

Wani nauyi ya sauka daga ƙirjin Tere. Ta kama hannun tsohuwar za ta yi godiya, sai Mama Nooroa ta ce, "Tsaya tukuna. Akwatin wayam yake?"

"Saura... wancan."

"Ƙaguwa? Tana raye? Fito da ita in gaisa da tsohuwar ƙawa."

Suka kama kusurwa bibbiyu suka shimfiɗa a kan gado. Ga ta nan, ja wur, da cikinta da ƙafafunta. Mama Nooroa ta shirya dariya, amma dariyar ba ta fito ba. Tere ma ta tsaya. Ita dai ta san a rabi ta wurgar da abin nan. Yanzu kuwa kowace ƙafa a ɗinke take, da irin takunta, manya, karkatattu, wani ya hau wani.

"Ban kai nan ba," in ji Tere. "Allah kuwa ban kai nan ba."

Mama Nooroa ta mayar da tabarau ta juya mayafin ta baya. Rabin farko ƙulle-ƙulle ne da zare a tsaye kamar gashin alade. Ɗaya rabin kuwa sumul, ko ƙulli ɗaya ba ka gani.

"Hannun Poko ne. Ta gaba ta kwaikwayi naki don kada nata ya kunyata shi. Ta baya ne ta kasa, hannun ya ƙi yin ƙarya." Ta zauna a bakin gado. "Bari in gaya miki. Shekarar babbar guguwa, da muka kwana a coci rufin gidaje na yawo a sama, uwarki ta sa aka ɗauko akwatin nan ta rarraba duk abin da ke ciki, har rigar aurenta ta naɗe wani jariri da ita. Ni kuma na ga ruwa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, na jawo wannan zan toshe. Tere, matar nan ta kusa karya mini yatsa. Ta ce, 'Ajiye! Wannan yana da mai shi, da shi zan tafi.' Na ɗauka tsoron guguwa ne ya taɓa mata kai."

Idon Tere na kan babban hannun ƙaguwar na dama. Shi kaɗai ne ba a ɗinke ba, yana lilo, kuma a gindinsa an soke allura da jan zare a hancinta. A tsibirin nan allura ba ta wata guda a ajiye sai iskar teku ta cinye ta da tsatsa. Wannan tana ƙyalli. Uwarta ta yi ta canja ta ke nan, tana zura sabon zare, tana jira.

Kina da aiki a akwatina.

Tere ta durƙushe a gaban gadon ta kifa fuska a cikin ƙaguwar, ta yi kukan da ba ta yi ba ko a coci. Mama Nooroa ta bar ta ta yi, sannan ta dungure mata kai.

"Tashi, kina jiƙa wa mutane kaya. Je ki wanke hannu."

Ta wanke da sabulu, ta wanke da toka, ta wanke da lemun tsami. Baƙin mai na shekara talatin bai san da wannan ba. Aka fito da Ƙaguwa baranda, matan zumunta suka zagaye ta, suna jin labarin mayafansu ɗaya bayan ɗaya, wannan ta yi salati irin namu, waccan ta faɗi da dariya. Wata ta zaro allurarta za ta taya, Mama Nooroa ta buge mata hannu. Tere ta zauna a tsakiya, harshe a waje, tana soka allura kamar mai ɗaure kusoshi.

"A hankali, ba taya kike faci ba!"

"Ku bar ta, ai ƙaguwa ba ta tafiya a miƙe."

"Wayyo, ta ɗinke da siket ɗinta!"

Da gaske ta ɗinke da siket ɗin, sai da aka warware. Ta soki yatsa ya fi a ƙirga. Rana na sunkuyawa ta ja taku na ƙarshe, ta ciji zaren. Da ta ɗaga hannu, ga tambarin babban yatsanta baƙi ƙirin a kan farin yadin, daidai bakin hannun ƙaguwar.

Washegari jirgi ya sauka, coci ya cika har waje. Da aka shigo da ita aka buɗe mayafin, Fasto ya buɗe baki zai fara, ya kalli abin, ya yi tari. Wani yaro ya ce da ƙarfi, "Ƙaguwa!" Aka ce wa dariya bismillah, in ji masu magana. Dattawan coci na girgiza a kujerunsu, Papa Tutai na kuka yana dariya, Mii na rufe baki da jaririnta. Tere ta tsaya a gaba, kai a ɗage, karo na farko a rayuwarta sunan bai yi mata zafi ba. Sai Mama Nooroa ta ɗaga waƙa. Ta hau can sama inda su biyu suke haɗuwa, ta ɗan dakata kamar mai jiran a tare ta, ba wanda ya tare ta, ta ƙarasa ita kaɗai.

A bakin kabari, gaban gida, Tere da Mama Nooroa ne suka yi naɗin ƙarshe. Mama Nooroa ta hango baƙin tambarin, ta lashi gefen hankicinta ta miƙa hannu za ta goge, don hannun mai ɗinki ba ya iya ganin datti ya wuce. Ta tsaya. Ta mayar da hankicin cikin riga. Ta kama wannan kusurwar ta ninka ta ciki, ta kwantar da tambarin yatsan Tere a kan kumatun uwarta.

"Ɗinkin banza," ta ce. "Rufe ta, 'yata."